Lamba 11 a Bayan Riga: Yadda Na Samu Lasin Ɗina na Farko

Ranar Juma'a 22 ga Yunin 2018, mako guda bayan ƙaramar sallah, muna cunkushe a wani gidan kallo da ke Badariya a Birnin Kebbi, janareta na ta ruri a bayan langa-langa, Ahmed Musa ya zura wa Iceland ƙwallo biyu. Ta biyun ce ta zauna mini a rai. An cilla masa doguwa ta hagu, ya bar ɗan bayansu a tsaye, ya karyo ciki, ya kwantar da gola, ya sa ta a raga. Benci biyu aka karya a gidan kallon. Shekarata 15 a lokacin, kuma duk unguwarmu ba mai kamo ni in na sa gudu. Na fito ina jin abin da na gani ɗin nan ai ni ne, lokaci kawai ya rage.

Washegari da yamma Koci ya tara mu kafin atisaye, ya ce, "Ta farkon fa, wa yab ba shi ita?" Muka yi tsit. Can wani ya ce Victor Moses. Koci ya ce haka ne, mutumin daga baya ya sheƙo ta gefen dama, ya ɗaga kai, ya ga Musa, ya aika masa. Sannan ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kaina. "Ku duka Musa kuka son zama. Babu mai son zama wanda yad ɗaga kai."

Kocin namu tela ne. Ƙarfe huɗu na yamma yake rufe keke ya rataya usur. Filinmu bayan wata makarantar firamare yake, yashi zalla, turakun gola na bututun famfo, babu raga, wanda ya ci shi zai bi ƙwallon har cikin gonar mutane. Dattawan da ke zama gindin dogon yaro suna kallonmu su suka laƙaba mini Babangida, wai ina tuna musu Tijani Babangida, ɗan Kaduna da ya buga wa Ajax, yana cikin waɗanda suka ɗauko wa Najeriya zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Ni ban san wasansa ba sai daga baya da na gani a waya, biyun nan da ya ci Afirka ta Kudu a 2000. Sunan ya bi ni, ya kuma kumbura mini kai.

Baba manomin shinkafa ne a fadama, rani da damina. A wurinsa ƙwallo da langa duk ɗaya ne, abin yara. Bai hana ni ba, sharaɗi biyu ya kafa: in gama sakandare, kuma ranar dashe da ranar yanka babu zancen fili. Inna kuwa, da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, sai dai ta ce wanga yaro ƙafatai ba ta zama wuri guda.

Abin da na fi tsana a shekarun nan shi ne taya. Koci yana da tsofaffin tayoyin mota guda uku da ya roƙo wurin mai faci. Ɗaya ya ajiye ta gindin turken da ke kusa da ni, ɗaya a turke na nesa, ta ukun a baya, wajen da ake ajiye ƙwallon fenariti. Zan taso daga tsakiyar fili da ƙwallo a guje ta gefen dama, sai na kusa layin ƙarshe zai yi ihu, ɗaya, ko biyu, ko uku, ni kuma in aika ƙwallon ga tayar da ya kira. Ta ɗaya da ƙarfi ake buga ta, ƙasa-ƙasa, ta ratsa tsakanin gola da 'yan baya, wanda ya taɓa ta ko nasu ne raga za ta. Ta biyu da cikin ƙafa ake ɗaga ta, ta lanƙwasa tana guje wa hannun gola ta sauka kan mai tsawo. Ta uku ita ce muguwar: ka kai har layi, 'yan baya duk sun ruga suna fuskantar ragarsu, sai ka mayar da ita baya a ƙasa ga wanda ke tahowa ba mai gadinsa. Talatin da dama, goma da hagu, kullum, kafin a bar ni in shiga wasa. A watan Afrilu, da zafin garinmu ke haura digiri 40, yashin nan sai ka ji shi ta cikin takalmi.

Da na fara gwanancewa sai ya daina ihun. Yatsu ya koma ɗagawa. Yana tsaye can bayan tayoyin, in ban ɗaga kai na duba hannunsa ba ban san inda zan aika ba. Wata guda na yi ina tuntuɓe da ƙwallo, don duk gudun da nake taƙama da shi ashe kaina a sunkuye nake yin sa. Ni kuwa yanka nake so. Yanka ake yi wa tafi, ka zura wa mutum ta tsakanin ƙafafu 'yan kallo su ɗauki sowa, ko da ƙwallon ta ƙare a waje. Sau nawa na yi fushi na ƙaurace wa fili kwana biyu, ya aiko yaron shagonsa ya kira ni.

Ina shekara 20 muka shiga kofin ƙalubale na jiha. Kowace jiha tana yin nata, wadda ta ci da ta biyu su wakilce ta a na ƙasa, kuma nan ne kawai ƙungiyar unguwa irin tamu ke haɗa kafaɗa da masu cin albashi. Ga wanda bai san tsanin ba: a sama akwai babbar gasar lig ta ƙasa, NPFL, mai ƙungiyoyi 20, inda su Kano Pillars suke, ƙarƙashinta NNL, ƙarƙashin wannan NLO, mu kuma muna can ƙasa inda ba a rubuta sunan kowa. A filin wasa na Haliru Abdu muka buga. Wasa na biyu aka fitar da mu, amma ƙwallo ɗayar da muka ci ta tayar nan ta uku ce. Ina cire takalmi mutum biyu suka nemi lambata.

Na farkon ya fi kyan gani. Agogo, turare, waya biyu. Ya ce shi ejan ne, wato dillalin 'yan wasa, ya nuna mini hotunansa da wasu 'yan wasa a filin jirgi. Bayan kwana uku ya zo har gida, ya durƙusa ya gai da Baba, ya ce yaron nan Turai ce ta dace da shi. Abu biyu ake buƙata. Naira dubu 400 na takardar gayyata da biza, sannan a gyara shekaru, a mayar da ni 16, don in fara bi ta ƙungiyar ƙasa ta 'yan ƙasa da 17. Ya ce kowa haka yake yi, a je kotu a yi rantsuwa, shi ke nan. Gaskiya ni na riga na hau jirgin a zuciyata. Har na fara lissafin buhun shinkafa nawa za a sayar.

Baba ya bar shi ya gama. Sannan ya ce, "Ni na san ranar da anka yanka ragon sunanshi, ni nis sayo ragon kasuwar Jega. In tahi gaban alƙali in rantse ban sani ba?" Mutumin ya yi dariyar yaƙe ya ce ai ba Baba ne zai rantse ba. Baba ya ce to wa zai rantse, maƙwabci?

Kawu, ƙanin Inna, malamin sakandare ne, shi ya ƙarasa rushe ginin da daddare. Ya ce tun 2009, shekarar da Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17, ake ɗaukar hoton wuyan hannun yara da na'urar MRI, in ƙashin ya gama haɗewa a sallame ka, kuma ƙashin ɗan shekara 20 ba ya jin rantsuwar kotu. Ga lambar NIN ɗina da takardar jarrabawata duk suna ɗauke da shekarar haihuwata ta gaskiya. Ya ce ko an mayar da ni 16 ɗin ma ai an ƙara nesanta ni da Turai ne, don dokar FIFA ta hana a kai yaron da bai cika 18 ba ƙungiyar wata ƙasa, in ban da 'yan keɓaɓɓun dalilai. Ahmed Musa kansa, bayan ya ci wa Kano Pillars 18 a kaka guda, da VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi a 2010 sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoba kafin ya buga musu. Ya ce in tambayi mutumin lambar lasin ɗinsa na ejan, tunda FIFA ta dawo da jarrabawar ejan a 2023. Na tura masa saƙo na tambaya. Har yau alamar an karanta ce kawai a kai. Kwana uku ban yi wa Kawu magana ba, kamar shi ya cinye mini Turai.

Na biyun ko sunansa ban riƙe ba a ranar. Wani ramamme ne da tsohuwar hular rana, mataimakin koci a wata ƙungiyar NNL ta wata jihar Arewa. Bai yi alkawarin komai ba. Ya ce bayan damina za su buɗe gwaji, in zo da takalmina da kuɗin motar komawa.

Lokacin ya faɗo daidai da yankan shinkafa. Na yi shiru ina jiran hukunci. Da asuba Baba ya miƙo mini kuɗi a dunƙule ya ce, "Tahi ka gani da idonka, in ba ta yi ba lauje na nan." Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ni a tasha na ba mai gyaran takalmi ya ɗinke mini but ɗin dama da ya buɗe baki. Muka bi ta Argungu zuwa Sakkwato, na sake mota, direba na ta sauri don kada dare ya same mu a hanyar da kowa ya san ba a bin ta da dare.

Ban taɓa ganin 'yan ƙwallo da yawa haka wuri guda ba. Daga Kano, Jos, Kaduna, Ilori, har da masu Faransanci daga Nijar da Binin. Wasu sun taɓa buga NPFL, gwiwa ta dawo da su, kana gane su daga yadda suke ɗaure takalmi ba gaggawa. Waɗanda aka gayyata da takarda aka ba su ɗaki. Irinmu kuwa ajin wata makaranta muka samu, tabarma da maganin sauro, garin kwaki da ƙuli da safe, shinkafa da wake in an dawo. Aka rubuta sunaye, aka ce kowa ya tsaya layin lambar da yake bugawa. Layin gola mutum kaɗan. Layin lamba bakwai da sha ɗaya ya kai har bakin ƙofa. Duk wanda ya taɓa tsere wa wani a unguwarsu ɗan gefe ne. Nan na fara jin sunan Babangida ya yi mini nauyi.

Yadda ake yi, a haɗa mutum 11 da ba su san juna ba, a ba su riga mara hannu, a ce minti 25. Koci-koci na zaune a inuwa da takarda. Wasan gwaji ba ƙwallo ba ce, kasuwa ce, kowa na tallan kansa. Ɗan tsakiya in ya samu ƙwallo sai ya yanka uku ya buga daga nesa. Kai ɗan gefe kana can bakin layi kana ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota. Ranar farko sau huɗu ƙwallo ta zo ƙafata. Biyu na yi abin da na saba, na sunkuyar da kai na zuba gudu, ɗan bayan ya raka ni har kwana ya sa kafaɗa ya ture ni waje. Ga filin ciyawar roba, ƙwallo na gudu fiye da yadda na saba a yashi, in na tura ta gaba sai ta riga ni fita. Da yamma aka kira sunayen waɗanda za su dawo gobe. Nawa ya fito kusa da ƙarshe, ban san dalili ba.

Da daddare na kira Koci. Ban gama kukan ba a ba ni ƙwallo ba ya katse ni. "In ba su ba ka ba, mi kaka yi?" Na ce ina jira. Ya ce, "To ci gaba da jira, mota na nan tahe."

Rana ta uku aka mayar da ni hagu, don masu lamba bakwai sun yi yawa. Na ji kamar an sa ni rubutu da hannun hagu. Amma wannan shi ne yayin yanzu, a sa mai ƙafar dama a hagu, mai hagu a dama, ya karyo ciki ya fuskanci raga da ƙafarsa mai ƙarfi, yadda Salah da Mahrez da Saka ke yi daga dama, a bar wa ɗan baya layi ya hau. Amfanin goman nan na hagu da Koci ke tilasta mini a nan ya fito: ɗan bayan ya ɗauka ciki zan karya kullum, sau ɗaya na bi ta waje na aika da hagu, ba ta yi kyau sosai ba amma ta isa inda aka aike ta.

Abin da ya tsayar da ni a ƙungiyar nan kuwa ko ƙwallo ban taɓa ba a cikinsa. Muna kai hari, ɗan bayanmu na hagu ya hau ya wuce ni, aka ƙwace ƙwallo a tsakiya, aka cilla ta ramin da ya bari. Na juya na bi mai lamba bakwai ɗinsu tun daga bakin da'irar golansu har bakin tamu, fili mai tsawon mita 105 na ci fiye da rabinsa. Ban ƙwace ba. Na dai sha gabansa, ya tsaya, ya mayar da ita baya. Ba wanda ya tafa. Ina haki na ga babban koci ya karkata ya yi wa ramammen nan magana, shi kuma ya rubuta wani abu. Bayan an tashi babban kocin ya kira ni, ya tambayi garinmu, ya ce, "Bakabe, masu gudu da ƙwallo sun cika mini fili. Mai gudu ba ƙwallo nake nema." Daga ranar sunana a sansani Bakabe, kullum ana tsokanata da kifin Argungu da munka da sunka.

Mako biyu aka yi ana zaftare mu. Na ga ƙato da gemu yana kuka a bayan aji. Na ga wanda ya fi ni komai an sallame shi don ƙungiyar na da irinsa biyu, na kuma ga wanda ko rabin wasa bai buga ba sunansa ya fito, an ce daga sama aka turo shi. Ranar ƙarshe sakatare ya karanta sunaye a tsaye, mu sababbi tara. Ni ne na bakwai.

Na ɗauka an gama. Ashe wasan takarda ne zai fara, kuma shi ba a koya mini shi da taya ba.

Asibiti aka fara kai mu: awon jini, hawan jini, ciwon hanta, sannan aka manna mana wayoyi a ƙirji aka duba bugun zuciya. Wani ya yi ƙorafin ɓata lokaci, likitan ya tambaye shi ko ya san Samuel Okwaraji, wanda ya faɗi ya rasu a filin wasa na ƙasa da ke Legas a 1989 ana tsakiyar wasa da Angola. Ɗaya daga cikin mu tara a nan tafiyarsa ta tsaya.

Sai takardar sallama daga tsohuwar ƙungiya, wadda 'yan wasa ke kira kiliyarans. In babu ita ba a yi maka rajista. Na dawo Birnin Kebbi ina ganin aikin minti biyar ne, Koci zai sa hannu in juya. Koci ya ce ba shi ke da hatimi ba, sai ciyaman. Ciyaman ɗinmu wani ɗan kasuwa ne da ke saya mana ruwan leda da lemo ranar wasa. Na same shi a shago, na durƙusa, na ce ranka ya daɗe ga abin da ya kawo ni. Ya ce madalla, amma shekara nawa yana kashe mini kuɗi, ƙungiyar can ta zo su zauna. Na fita raina a ɓace, ina cewa mutumin nan zai toshe mini hanya saboda ruwan leda. Yanzu da na huce na ga yana da tasa gaskiyar. A dokar FIFA, in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Amma sai ƙungiyar da ke da rajista, wadda sunanta ya shiga tarihin ɗan wasan a rubuce. Irin namu na unguwa su rena, wasu su ci. Abin da suka samu ranar sallama shi ne rabonsu. Kwana biyar ana kai da kawowa ta waya, wa'adin rufe rajista na matsowa, ni ina fadama ina ɗaurin shinkafa waya a aljihu. Daga ƙarshe Koci ya shiga tsakani, aka daidaita a kan riguna saiti guda da ƙwallaye biyar, da rubutaccen alkawarin wani kaso in an sayar da ni gaba. Ciyaman ya buga hatimi, ya ƙara mini da kuɗin mota daga aljihunsa, abin da ya sa na ji kunyar zagin da na yi masa a zuci.

Kwantiragin shafi huɗu ne, da Turanci. Sakatare ya so in sa hannu nan take a kan bonet ɗin motarsa. Na ce Kawuna zai gani. Ya dube ni kamar na zage shi, amma ya bari na ɗauki hoto. Kawu ya sa tabarau ya bi shi layi-layi ta waya, kusan awa guda. Wurin tsawon kwantiragi an bar shi fari, ba a cike ba. Ya ce kada in kuskura, wanda ya sa hannu a kan fari ya ba da kansa kyauta, a rubuta kaka ɗaya. Albashi an rubuta, amma kuɗin sa hannu an ce za a biya "idan hali ya yi". Ba a ce komai ba kan wanda zai biya magani in na ji rauni. Kuma ya ce in tabbatar an ba ni kwafina mai sa hannun ɓangare biyu, don ranar rigima wanda ba shi da takarda labari kawai yake da shi. Na koma da gyara uku, gabana na faɗuwa kada su ce in kama hanya. Biyu suka karɓa, suka cike kaka ɗaya, suka ƙara layin magani. Na kuɗin sa hannu suka ce haka kowa ya sa. Na sa. Kashi ɗaya cikin uku aka ba mu, sauran har yau hali bai yi ba.

Hoto fasfo takwas, kwafin NIN, takardar haihuwa, wasiƙar ƙaramar hukuma. Bayan kwana goma jami'in walwala ya shigo sansani da ɗaurin katuna a roba. Lasin ke nan, ɗan kati da hotona da sunana da shekarar haihuwata ta gaskiya, wanda ake nuna wa jami'an wasa kafin a bar ka ka taka fili. Ba a ba ka shi ka riƙe. Na karɓa na duba gaba da baya, na ɗauki hotonsa na tura wa Koci da Kawu, ya karɓe abinsa ya mayar cikin roba. Riga kuma aka ba ni mai lamba 11 a atisaye, ta wasa wata lamba ce can sama da ba mai so.

Wasa huɗu na farko biyu a benci na yi su, biyu ko cikin jerin ban shiga ba. Na koyi zaman mota na awa goma gwiwa a takure, a sauka a buga washegari. Na koyi cewa wasan waje a ƙasar nan in ka samu canjaras ka gode wa Allah ka shiga mota da wuri. Kyaftin ɗinmu, wanda ya girme ni da shekara goma ko fiye, shi ya koya mini in riƙa kallon ƙugun ɗan baya maimakon ƙafarsa, in ƙugu ya juya ya riga ya tafi.

Wasa na biyar a gida, muna gaba da ci ɗaya, minti na 71 babban koci ya waiwayo ya ce, "Bakabe, tashi." Bai ce in je in ci ba. Ya riƙe ni a kafaɗa ya nuna mini ɗan bayansu na dama da ke ta hawa yana zuba mana kuros, ya ce kada ya sake ɗaga kai. Minti 19 da ƙarin lokaci na yi ina bin mutumin nan sama da ƙasa. Sau uku na taɓa ƙwallo. Ɗaya na mayar baya. Ɗaya na kai ta kwana na tsaya a kanta ina cin lokaci har aka shure ni. Ta ukun na samu fili, na kai layi, na ɗaga kai, na ga namu na tahowa daidai inda taya ta uku take zama, na mayar masa a ƙasa. Ya ɗaga ta sama da turke, har wajen masu sayar da rake. Aka tashi ɗaya da nema.

Bayan magariba na kira gida. Baba ya ɗauka, ina jin muryar Koci kusa da shi, ashe ya zo tun la'asar suna jira tare.

"Kun ci?"

Na ce mun ci, Baba.

"Kai nawa kac ci?"

Na ce ban ci ko ɗaya ba.

"To mi kay yi cikin hilin?"

Na ce gudu na yi. Ina jin Koci ya fashe da dariya har da tari. Baba ya ce ai wannan tun ina yaro na iya shi, ya miƙa wa Inna wayar.